Akushin da Gwaggo Dije Ta Hana Fita Zaure

Ranar Laraba ce, ana shirin sallar azahar, a daminar shekara ta shida da aurena, Gwaggo Dije ta sauka ƙofar gidana a Magarya. Mu uku muka ga saukarta: ni, da matata Hadiza da ta leƙo daga zaure, da maƙwabcina Malam Sani maɗinki. Zamanin Nasara ne, ina aikin rubutu a wani kanti mai sayen gyaɗa. Tun asuba ta taso daga Bande a ƙasa, tana jaye da saniya mai tatsa, maraƙi yana bin su, jaki a gaba ɗauke da buhun gyaɗa da ƙwarya biyu a ɗaure. Ba ta aiko cewa tana tafe ba.

Na durƙusa zan gaishe ta. Ku da kuka san ta kun san abin da ya biyo baya. Ta kama haɓata, ta sa babban yatsa ta ja fatar idona ƙasa, ta leƙa ciki kamar mai cinikin akuya.

"Fari fat," ta ce. "Ɗan alƙalami, me ka ci da safe?"

"Shayi da burodi, Gwaggo."

"Cewa na yi me ka ci. Ban ce me ka jiƙa ba."

Gaisuwarta ke nan ga kowa. Gwaggo Dije yayar mahaifina ce, cikin shanu ta tashi, kuma duk abin da ta sani game da ɗan Adam a garke ta koyo shi. In cikin ido ja ne, akwai jini. In fari ne, jiki yana cin kansa. Ta duba idon liman, ta duba na maigari, ta taɓa tare ango a ƙofar masallaci ranar ɗaurin aurensa ta ce a ba shi nono kafin a kai masa ƴar mutane.

Har Nasara bai tsira ba. Wata shekara wani Bature ya zo Bande yi wa shanu allura. Da layi ya zo kan shanun Gwaggo, ta bar shi ya gama dubawa, sannan ta yi ɗage ta ja masa fatar ido. Tafinta ya kusa suma.

"Ka gaya masa jininsa duk a fuska ya taru, ciki babu komai," in ji ta. "Shi ya kamata a ɗaure a turke a ba shi harawa."

Tafinta, don tsoron wuyansa, ya gaya wa Baturen cewa gaisuwar girma ce ta tsofaffin ƙasar. Baturen ya ji daɗi ƙwarai. Da zai tafi, ya taka har gaban maigari, ya cire hula, ya ja masa fatar ido a tsakiyar jama'a. An ce maigari ya yi wata guda ba ya amsa sallamar Gwaggo.

Aikina kuwa ba ta taɓa yafe mini shi ba. A zamanin, da kaka ta yi, ƙasar duka takan kwashi gyaɗarta ta kai wurin awo, a bar gida da gero tsura. Gwaggo sai ta kai kwando biyu, don kada a ce ta yi wa kumandan, Baturen mulki, tawaye, sauran ta lulluɓe a rumbu ta yaɓe bakinsa da laka. Wani dillali ya taɓa bin ta har gida yana lallashi.

"In na ba ka, ina za a kai ta?"

"Ƙasar Faransa, Gwaggo. A can ake matse mai."

"Wato matansu su yi sheƙi su haihu, namu su sha ruwan gero su kwanta? Kai, tashi mini daga inuwa!"

Shi ya sa a tsakiyar damina, lokacin da ko ɓeran gari bai san inda gyaɗa take ba, ita tana da ta ɗora wa jaki.

Abin da ya kawo ta gidana ba ɓoyayye ba ne. Shekara shida Hadiza ba ta taɓa yin ko ɓatan wata ba. Ta sha rubutu, ta sha sassaƙe, ta yi turare har tufafinta suka daina jin wanki. Mahaifiyata ta fara magana a kaikaice. Daga ƙarshe mahaifin Hadiza ya aiko daga Yekuwa cewa in an girbe gero, yayanta Habu zai zo ya tafi da ita ta ɗan huta a gida. Duk mun san irin wannan hutu, ba a dawowa daga gare shi. Ni ban so ba, amma ban faɗa ba. A lokacin maganar da ke tsakanina da Hadiza ba ta wuce "ga ruwa" da "sannu" ba.

Da Gwaggo ta gama da idona, ta kama Hadiza, ta duba nata, ta matsa damtsenta.

"Wa ake ba magani a gidan nan?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Shi fa?"

Gwaggo ta juyo kaina.

"A garke, in saniya ba ta ɗauka ba, har bijimin ake dubawa. Shekara shida ana ɗura wa yarinya ɗaci, shi kuwa yana yawo da wuya kamar na zalɓe!"

Malam Sani ya yi dariya har ya riƙe bango. Ku riƙe dariyar nan tasa, don a kansa abin ya ƙare.

Tun ranar madafa ta koma hannunta. Shayi ya bar gidan. Burodin da ya rage ta miƙa wa jaki, ya shinshina ya kau da kai, ta ce, "Ka gani? Ya fi ka lakwal, kai mai karatun boko." Da safe fura da nonon saniyar nan. Da rana wake da zogale da ƙuli. Da yamma tuwo da miyar gyaɗa ko ta riɗi, an zuba rama. Ranar kasuwa hanta. Kowace rana kuma dafaffen ƙwan zabi, don ƙwaryoyin nan biyu cike suke da shi cikin ƙaiƙayi, kuma masu zuwa kasuwa daga Bande suna kawo mata ƙari. Abu ɗaya na ƙi: ta kawo dunƙulen kanwa irin na shanu ta ce in riƙa lasa. Na ce a nan kam, Gwaggo, sai dai ki ɗaure ni. Ta dube ni tsawon lokaci kamar tana auna igiyar.

Maganar ƙwai ce ta taso da mahaifiyata daga Bande. A wurinmu mace mai neman haihuwa ba ta cin ƙwai, wai ɗan zai zo da hannun sata. Inna ta shigo ta tarar da Hadiza da ɓawon ƙwai a gabanta, ta dafe ƙirji.

"Haba Yaya! Ɓarawo kike so a haifa mana?"

"Rakiya, zauna ki sha ruwa. A haifi ɓarawon tukuna, sai mu ɓoye kaya."

Inna ta kwana ɗaya ta koma.

Kowace Juma'a, kafin in tafi masallaci, Gwaggo takan tsayar da mu a tsakar gida ta duba idanunmu. Juma'a ta farko ta ce da sauran lokaci. Ta uku ta yi tsaki. Ta biyar ta zargi saniyar, ta ƙara mata dusa. A ta bakwai ta saki fatar idona, ta koma ta zauna kan turmi tana girgiza kai. Gero ya riga ya fara fitar da kai a gonaki.

A daidai lokacin Malam Sani ya yi sallama, ya zo mu tafi masallaci tare. Gwaggo ta fito zaure ta tsaya tana kallonsa. Mutumin da muka sani da kumatu a lotse, yau ga shi fuska tana ƙyalli, rigar da ya ɗinka wa kansa ta kama shi a hammata.

"Malam Sani, matso."

"Gwaggo, da alwalata."

"Ba ta karyewa. Matso."

Ta ja fatar idonsa. Ja wur.

Ba ta tambaye shi komai ba. Da yamma, bayan an zuba abinci, ta je ta laɓe bayan zana, ta ga komai da idonta.

Sai in yi wa yaran yanzu bayani. A zamaninmu namiji ba ya cin abinci a cikin gida. Kowane magidanci a fito masa da akushinsa zaure, maƙwabta su haɗu, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Mu huɗu ne a zaurena. Kuma in akushinka aka buɗe, abin kunya ne a ga hannunka ya nufi nama. Turawa kake yi gaban wanda ya girme ka, kana cewa bismilla. Malam Sani ne babbanmu, mutum ne kuma da bai iya ƙin alheri ba.

Wannan rabin labarin ne. Ɗaya rabin yana madafa. Hadiza, kamar yadda uwarta ta koya mata, ba ta iya cin mai kyau alhali akushin miji bai cika ba. Da Gwaggo ta raba hanta da ƙwai ta juya baya, sai ta kwashe nata ta tura ƙarƙashin tuwona, ita ta ci ƙanzo da romo. Ƙwan da Inna ta gani a gabanta ma, ashe Gwaggo ce take tsaye a kanta ran nan. Saboda haka kusan sati bakwai, rabona da rabon Hadiza suna tafiya cikin akushi ɗaya, su fita zaure, su sauka a cikin Malam Sani, mai ƴaƴa tara.

Washegari da hantsi Gwaggo ta tara mu.

"Na baro gonata, na jawo saniyata, na fasa rumbuna, ashe maɗinki nake kiwo! Jiya na shiga gidansa, matarsa ta fara ƙin warin daddawa. Kun ji? Magani ya ci, sai dai a gidan da ba a kai ƙara ba!"

Daga nan ta yanke hukunci. Tabarma ɗaya, akushi ɗaya, a cikin gida, ni da Hadiza.

Na ce, "Gwaggo, ki rufa mini asiri. In ci da mace? Gobe ba zan iya ratsa kasuwa ba."

"To kada ka ratsa. Bi ta bayan gari."

"Maƙwabta fa? Sai a ce na yi rowa."

"Maƙwabci yana da haƙƙi. Tuwo da miyar kuka zai fita zaure kullum, akushi cike. Hanta kuwa, Malam Sani ya ci rabonsa har na baɗi."

Haka aka yi. Ranar farko na ji Malam Sani daga zaure yana buɗe akushi, sannan ya ɗaga murya yadda za a ji a ciki, ya ambaci sunana: "Allah ya ba Isufu lafiya. Ashe ciwon har ya kai ga a ba shi a baki." Sauran suka kwashe da dariya. Kwana uku ana kirana amarya a unguwa.

A ciki kuwa abin ya fi haka wuya. Hadiza ta zauna a gefen tabarma ta juya fuska wajen bango, tana miƙo hannu ta baya kamar mai ɗaukar garwashi. Ni na sunkuyar da kai. Gwaggo tana kan turmi da muciya a cinya. Ta raba hanta biyu daidai, ta ajiye kowane yanki a gefensa. Can sai na ga yankin Hadiza ya gangaro wajena. Na mayar. Ya sake dawowa. Na sake mayarwa.

"In naman nan ya ƙara ƙetare tsakiya," in ji Gwaggo, "ni zan cinye shi, kuma ba ni da haƙoran, sai ku zauna kuna kallona har la'asar."

Hadiza ta yi ƙoƙarin riƙewa, ta kasa. Ta fashe da dariya har ta sa gefen zane ta rufe baki. Na tsaya ina kallonta, don na manta rabon da in ji wannan dariyar a gidana.

Bayan kamar sati ɗaya, Gwaggo ta fara tashi da zarar mun sa hannu, wai za ta duba maraƙi. Ban taɓa ganin maraƙin da aka duba kamar wannan ba. Mu kuwa, mutum biyu ba sa iya cin abinci a akushi ɗaya kullum su yi ta shiru. Da farko maganar gishiri ce. Sai na gano Hadiza ba ta son zogale ko kaɗan, shekara shida ban sani ba. Sai labarin kanti, sai na ƙawayenta na Yekuwa. Wata rana da rana, tana ɓare ƙwai, ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Malam, da Baba ya aiko, ba ka ce komai ba."

Na ce, "Na ɗauka ke kika roƙa a zo a ɗauke ki."

"Ni kuma na ɗauka kai ka gaji."

Ta raba ƙwan biyu ta miƙo mini rabi. Daga wajen turke muka ji Gwaggo tana gaya wa maraƙi, da ƙarfi, cewa wasu mutane sai an sa musu abinci a baki kafin su iya buɗe shi.

Idanunmu sun yi ja kafin a gama girbi, Gwaggo ta tabbatar da haka a gaban shaidu. Amma ciki bai samu ba. Ranar wata Litinin da hantsi Habu ya iso da takarkari don ɗaukar kayan ƙanwarsa. Aka ba shi ruwa, aka gaisa. Na zauna da shi a zaure. Na dai yi ƙarfin hali na ce masa ni ban sallame ta ba, kuma ba na so ta tafi. Ya ce shi aike ne, sai abin da ta ce. Hadiza ta fito ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Yaya, ka gai da Baba. Ka ce masa ina cikin magani, kuma ba a katse shi."

Habu ya dubi Gwaggo. "Har yaushe ne maganin, Gwaggo?"

"Ka taɓa ganin ranar da aka gama cin abinci? Matso in ga idonka."

Ya koma Yekuwa da takarkarinsa ɗauke da ragowar gyaɗar Gwaggo, da umarnin a ba matarsa rabi, kuma ya tsaya a kanta har ta cinye.

Kwana biyu bayan haka Gwaggo ta ɗaura wa jakinta ƙwaryoyi. Saniyar ta bar mana, amma ta ja kunnena: aro ce, kuma a tara mata kashin, za ta aiko a kwasa don gonarta. Ta aiko kuwa, sau biyu.

Na raka ta har bayan gari. Da muka kai inda hanyar Bande ta rabu, na tambaye ta abin da ke cina.

"Gwaggo, kin tabbata abin nan zai yi?"

Ta tsayar da jaki. "Ni na tabbata? Isufu, ka taɓa ganin ɗana?"

Ranar ce kaɗai ta kira sunana. Kuma sai a lokacin na lura da abin da na sani tun ina yaro ban taɓa tsayawa a kansa ba: Gwaggo Dije ta yi aure biyu, ba ta haihu ba.

"Cikin shekarun yunwa aka kai ni ɗaki," ta ce. "Na sha ɗaci har haƙorana suka mutu. Mai kyau a kai zaure, ni in kankare tukunya. Ƙila ko na ƙoshi ba zan haihu ba, wannan Allah ya bar wa kansa sani. Amma da na yi jiran da ƙarfina, kuma da wanda zan yi hira da shi. Koma gida, rana tana yi."

Ta buga wa jaki kara ta wuce. Daga baya na ji a bakin mutanen Bande cewa gonarta a shekarar ciyawa ta cinye fiye da rabi, don wanda ta bar wa ita ya yi noman fari ya watsar. Ba ta taɓa ambata mini ba. Da na aika mata da dame biyar na gero, ta karɓi uku ta mayar da biyu, ta ce a faɗa wa ɗan alƙalami bai iya zaɓen gero ba.

Ta rayu shekara tara bayan wannan, ta rasu a ɗakinta a Bande, wata safiya bayan ta gama tatsa. Allah ya jiƙan Gwaggo Dije. Yadda ta ciyar da mu daga rumbunta ba mu roƙa ba, Allah ya ciyar da ita daga abin da ya tanada wa bayinsa na gari, ya yalwata mata makwanci, ya ba ta abokan zama. Amin.

Hadiza ba ta taka Yekuwa ba sai bayan shekara ɗaya da wata bakwai, lokacin da Habu ya sake zuwa da takarkarinsa ya tafi da ita goyon ciki. Ta yi wata biyar a can, ta dawo da ƴa mace.